Ɗan aiken na'ura ba boka ba ne, ku rubuta masa bayanin kayan aiki da kyau

Haba masu haɗa manhajojin ba manoma shawara a WhatsApp, wannan sakaci ya isa haka! Manomi a Gujungu ko Bunkure ya saye data da kuɗin cefane, ya tambayi buhu nawa na taki zai zuba, a ba shi amsar banza, ku kuma ku ce wai ƙirƙirarriyar basira ce ba ta jin Hausa. A'a. Ku je ku duba abin da kuka rubuta mata.

Tun da kamfanin OpenAI ya fito da tsarin kiran kayan aiki (wato ƙananan manhajojin da basirar ke kira su yi mata lissafi ko su nemo mata bayani) a 2023, kamfanin Anthropic ya biyo da MCP, ƙa'idar haɗa basirar da irin waɗannan kayan aiki, a Nuwamban 2024, yadda abin yake bai canza ba. Ɗan aiken na'ura, wato basirar da ke karɓar tambayar manomi ta kira kayan aikin, ba ya ganin lissafin da ke cikin kayan aikinku. Abu uku kawai ake miƙa masa: suna, bayani, da jerin guraben da zai cike. Da su yake zaɓa, da su yake cikewa. Idan bayanin layi ɗaya ne, "yana lissafa taki", to kun aiki yaro kasuwa ba ku gaya masa me zai sayo ba.

Ɗauki gurbin girman gona. An rubuta "girma", an bar shi lamba tsirara. Hekta ce ko eka? Hekta ɗaya eka 2.47 ce. Manomi ya ce gonarsa eka 2, ɗan aike ya tura 2, lissafi ya ɗauka hekta ce. A ce ana zuba buhu 4 a hekta: za a ce masa ya sayi buhu 8, alhali 3 da ɗoriya ne bukatarsa. A tsadar takin yanzu, wa zai biya masa biyar ɗin? Kuma gyaran bai wuce jimla ɗaya ba: "a ba da girma da hekta, idan manomi ya faɗi eka, a raba da 2.47, idan bai faɗi ma'auni ba, a tambaye shi, kada a yi zato."

Shi kansa buhun ma tarko ne. Na taki kilo 50 ne, na hatsi a Dawanau kuwa mai kwano 40 ne, wajen kilo 100. Sannan "taki" ba abu ɗaya ba ne. Yuriya tana ɗauke da sinadarin naitirojin kashi 46 cikin ɗari, NPK 15-15-15 kashi 15 kacal. Wanda ya bar gurbin a buɗe, bai ƙayyade zaɓi biyu ko uku ba, shi ya ja aka ba da adadin NPK da sunan yuriya, shuka ta ƙone.

Sai kayan aiki biyu masu kama da tagwaye, nemo_farashi da duba_farashi, ɗaya na hatsi ɗaya na dabbobi, bayaninsu iri ɗaya. An tambayi kuɗin rago a Maigatari, ɗan aike ya je rumbun gero. Bayani mai kyau yana faɗin inda ba a amfani da abu, ba inda ake amfani da shi kaɗai ba.

Abin da ya fi ba da haushi shi ne amsar da kayan aikin ke dawowa da ita. Farashi babu kwanan wata, sai na makon girbi ya fito a tsakiyar damina kamar na yau. An rubuta Haɗeja da ƙugiya, rumbun bayananku Hadejia ya sani, sai ya dawo fanko ko da lambar kuskure 500 tsirara. Ɗan aike ba ya son dawowa hannu rabbana, zai iya ƙirƙiro farashi. Ku sa saƙon kuskure ya yi magana: "ba a sami wannan suna ba, ga kasuwannin da ke akwai."

Gwajin ma ba wani tashin hankali ba ne, lalaci ne ya hana. Ku tattara tambayoyi 40 ko 50 daga bakin malaman gona, yadda manoma ke furta su, da "tiya" da "rabin eka" da "waken suya" a ciki. Kowacce ku rubuta kayan aikin da ya kamata a kira da lambobin da ya kamata a tura. Ku maimaita kowace tambaya sau uku aƙalla, domin amsar na'urar tana sauyawa. Kada ku tsaya ga amsar ƙarshe, ku buɗe tarihin kiran ku ga me aka tura. Ku sa tambayoyin da bai kamata a kira komai ba, kamar maganin ciwon akuya a manhajar taki. Kun canza kalma ɗaya a bayani? Ku sake gwada duka.

Kafin ma wannan, ku miƙa wa malamin gona bayanin a takarda, ku ce ya cike guraben ba tare da ya tambaye ku komai ba. Duk inda ya ɗago kai ya ce "hekta ko eka?", nan ne manomin Bunkure zai yi asarar buhu biyar.