Tabarau mai tabo, oba-oba kurma

Wallahi haƙurina ya ƙare. Sau uku ke nan a jere ina sa hannu a sito in karɓi tabaran ganin dare, sai mun fita sintiri duhu ya rufa, in kunna in tarar da baƙin tabo a tsakiyar hoton, daidai inda mutum zai ɓullo in yana tahowa. Ba ƙura ba ce da za ka hure. Ƙuna ce a cikin bututun da ke ninka haske, kuma ba ta warkewa, sai dai a sauya bututun ɗungurungum, shi ne kuwa mafi tsada a jikin na'urar.

Kowa ya san abin da ke jawo ta. An ƙera bututun nan ne ya ɗauki ɗan hasken wata da taurari ya ninka shi sau dubbai. Ka kunna shi da rana tsaka ba murfi, ko ka ƙura shi ga fitilar mota, ka cuce shi. Shi ya sa aka huda ɗan rami a murfin, don a iya gwaji da rana ba sai an cire ba. To ina murafan? Galibin tabaranmu tsirara suke kwance a kan kanta. Bututun da ya kamata ya yi aikin awa wajen 10,000, tun bai je ko'ina ba mun makantar da shi.

Rannan na buɗe gidan batirin wani tabarau samfurin PVS-14, wanda batir ɗaya tak na AA yake ci. Farin gari kamar gishiri ya daskare a ciki, ƙarfen da batirin ke taɓawa ya yi kore. Wani ne ya bar batir a ciki wata da watanni har ya tsiyaye. Cire batir kafin ajiya, minti nawa yake ci, don Allah? Gilashin kuma duk zane, saboda da bakin riga ake goge shi, yashi na kai, maimakon a hure a bi da takardar goge gilashi. Wani ma hazo ne ta ciki, alamar danshi ya shiga, ba wanda ya kai shi aka busa masa iskar naitrojin don a kori danshin.

Oba-oba kuwa, abin ya fi ci min rai. Ana ɗaukarta ta eriya kamar an kamo kaza. Wani ya danna maɓallin magana ba eriya a jiki, ƙarfin da ya kamata ya fita ya koma ciki ya illata na'urar. Batiran an jibge su a kwantena rana na dukansu, ka ga caji cike, awa biyu ya mutu. Daren da tawa ta ɗauke, sau biyar ina kira, shiru. Yaro ƙarami a cikinmu muka tura da ƙafa ya kai saƙo cikin duhu. Har ya dawo gabana bai daina faɗuwa ba.

Da safe na kai ƙara, sai aka ce, "Yi haƙuri, a haka muka same ta, babu kayan gyara." Na leƙa littafin da ake rubuta lafiyar kaya, an rubuta lafiyarta ƙalau, har da sa hannu. Wa ya gwada? Yaushe?

Yallaɓai, ba sababbin kaya muke roƙo ba. A sayo murafai, a ajiye kowace na'ura a akwatinta da abin tsotse danshi, wadda ta lalace a rataya mata alama a fitar da ita daga layi, wanda ya rubuta ƙarya a littafi a tuhume shi. Gobe ma ina da sintiri, kuma ba zan sa hannu ba sai an kunna tabaran a gabana cikin ɗaki mai duhu, an kira ni a oba-oba na ji da kunnena.