A bar yaro ya zaɓa, ko da tatsuniyar da za a karanta ce

A yawancin azuzuwanmu na nazare da firamare, tun daga ƙararrawar safe har a tashi, yaro ba ya yanke shawara ko guda ɗaya. Malami ya rubuta a allo, a kwafa. Ya faɗa, a maimaita da ƙarfi. Wanda ya fi kowa yin shiru shi ne mai ladabi. Sai an gama sakandare kuma mu dawo muna ƙorafin cewa matasanmu ba sa iya tunani da kansu. To yaushe aka ba su dama suka gwada?

Ni dai ina ganin ya kamata a riƙa shawartar yara, har da 'yan shekara huɗu da biyar, a kan wasu al'amuran karatunsu. Manhaja da jadawali suna hannun malami, babu mai ja da wannan. Amma wace tatsuniya za a karanta yau cikin guda biyu, da duwatsu za a yi ƙidaya ko da marafan kwalba, waɗanne dokoki za mu sa wa ajinmu, duk waɗannan yaro yana da abin cewa a kansu.

An gwada wannan, an kuma bi diddiginsa. Daga 1962 zuwa 1967, a garin Ypsilanti na jihar Michigan a Amurka, David Weikart da abokan aikinsa sun ɗauki yara 123 'yan shekara uku da huɗu, 'ya'yan baƙaƙen fata marasa galihu. Aka sa 58 a makarantar share fage ta Perry, 65 ba a sa su ba. Tsarin koyarwar da ya fito daga wannan aiki, wanda ake kira HighScope, ginshiƙinsa shi ne yaro ya faɗi abin da zai yi, ya je ya yi, sannan ya dawo ya ba da labarin yadda ta kaya. Da aka bibiye su har suka kai shekara 40, waɗanda suka shiga makarantar sun fi sauran kammala sakandare da samun kuɗin shiga, kuma ba a kama su da laifi kamar sauran ba. Gaskiya ne akwai wasu dalilan, domin malaman sun samu horo sosai, yaran ba su da yawa a hannun kowace malama, kuma ana ziyartar iyaye har gida. Duk da haka, babu wanda zai ce ba yaro zaɓi ya ɓata tarbiyyarsu.

Abin ma ba baƙonmu ba ne. A makarantar allo kowane yaro da inda karatunsa yake. Idan ya ji ya riƙe, ya je gaban malam ya biya, in ya yi daidai ya wanke allo a ƙara masa. Ba a jan wanda ke Amma don ya jira wanda ke Sabbi. Bulalar ce ban yarda da ita ba, amma wannan amana da ake ba yaro ta sanin inda ya tsaya, makarantar boko ta yi asarar ta.

Na san abin da malamai za su ce: aji mai yara tamanin ko fiye, babu kujeru, albashi ba ya isa, ina aka ga lokacin shawara? Kukansu gaskiya ne, kuma ina tare da su. Sai dai a ce wa yara su ɗaga hannu su zaɓi ɗaya cikin waƙoƙi biyu ba ya cin ko sisin kwabo, ba ya kuma wuce minti ɗaya. Dokar da yara suka sa da bakinsu, kamar kada a katse mai magana, su ne za su fi kowa tsare ta, malami ya huta da tsawa.

Wasu iyayen kuma za su kawo karin maganar nan, ta yaro kyau take ba ta ƙarko. Haka ne, zai zaɓa ya yi kuskure. Gara ya yi kuskuren a kan launin da zai shafa wa zanensa, malama na kusa da shi, da ya fara yin sa yana ɗan shekara ashirin a kan sana'a ko aure.

Sashe na 12 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. Ya rage ga kwalejojin horar da malamai su koya wa ɗalibansu yadda ake yin hakan a aji mai cunkoso, su kuma masu duba makarantu su daina auna ƙwazon malami da shirun ajinsa.