"A ina yake aiki?"

Daren Juma'ar da ta wuce 'yar yayata ta kira ni a waya, muryarta na rawa. Yaron da ke zuwa wurinta zance kusan shekara guda ya ce zai turo magabatansa, ita kuma ta sanar da gida. Gwaggonmu ba ta tsaya tambayar sallarsa ko halinsa ba, kai tsaye ta ce, "A ina yake aiki?" Da aka gaya mata cewa haɗa sola yake yi, shi ne mai hawa rufin gidajen mutane yana ɗaura faranti yana jan waya, sai ta taɓe baki ta ce, "Duk karatun nan da kika yi?"

Na san wannan taɓe bakin, don ni ma an yi mini shi shekara 11 da suka wuce. Ni malamar makaranta ce mai digiri, mijina kuwa bakanike ne, kuma har gobe in na faɗi haka a taron biki sai na ga wata ta sake kallon zanin jikina, kamar tana neman baƙin mai a kai.

Bari in faɗi yadda na fara ganinsa, ko da kunya za ta kama ni. Motar babanmu ce ta mutu mana a hanya da tsakar rana, ina kujerar baya zafi ya ishe ni. Wani ya riga ya duba ya ce famfon mai ne ya lalace, sai an je Ƙofar Ruwa an sayo sabo. Aka kira wannan saurayin. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa ya shige ƙarƙashin motar, ban ga komai nasa ba sai ƙafafu da silifas. Bayan ɗan lokaci ya fito, gumi ya jiƙa masa riga, ya ce, "Alhaji, famfon nan lafiyarsa ƙalau, waya ce ta saki." Ya ɗaure ta, mota ta tashi. Baba ya miƙa masa kuɗi masu kauri, ya zari ɗaya ya mayar da sauran, ya ce aikin bai kai haka ba. Daga nan ya wanke hannunsa da omo sau biyu, ya yi alwala a bakin titi. Har muka isa gida ina tunanin hannun nan da ya mayar da kuɗi.

Daga baya ne na lura ba ni na fara ba. A cikin Suratul Ƙasas, 'yar dattijon Madyana ta ga Annabi Musa (AS) ya shayar musu da dabbobi a bakin rijiya, ta koma gida ta ce wa mahaifinta ya ɗauke shi aiki, domin mafi alherin wanda za a ɗauka shi ne mai ƙarfi, amintacce. Mahaifin ya fahimci 'yarsa, ya aurar masa da ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata biyu a kan kiwon shekara 8, in ya so ya cika 10. Mace ce ta kalli namiji yana aiki da hannunsa ta auna shi, kuma ta haɗa ƙarfin da amana a jimla guda. Annabi Zakariyya (AS) kafinta ne, Annabi Dawud (AS) da aikin hannunsa yake ci. Duk mun ji wannan a islamiyya. Amma ranar da kafinta ya yi sallama a ƙofar gidanmu, sai karatun ya tsaya a allo.

Wannan raini yana da tushe, kuma ya girmi ofis. Tun da can ƙasar Hausa ta jera sana'o'i hawa-hawa. Sarauta da malanta da fatauci suna sama, mahauta da majema da makaɗa ana ajiye su can ƙasa, har akwai gidajen da ba sa ba su aure komai dukiyarsu. Abin mamaki, damben gargajiya da ake cika fili don kallonsa wasan mahauta ne tun asali. A yi wa ɗan dambe kirari, 'yan mata su yi guɗa, amma in ya zo neman aure a tuna masa da wuƙar fawa. Da boko ya zo sai ya ƙara sabon bene a kan tsohon gini: akawu, malamin asibiti, ma'aikacin En'e. Ƙarin albashin Udoji na 1974, zamanin Janar Gowon, shi ya ƙarasa ɗaure zancen. Ma'aikata suka karɓi ariyas a dunƙule, aka sayi babura da rediyo da firji, matar ma'aikaci ta zama abin nuni a unguwa. Gwaggonmu a wannan zamanin ta yi 'yan matancinta, shi ya sa ba na ganin laifinta sosai. Abin da idonta ya gani take faɗa.

Sai dai duniyar nan ta daɗe da juyawa. Tun tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 albashi ya fara zubewa, bai kuma sake miƙewa ba. A watan Mayun 2023 aka cire tallafin mai, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen shekarar da ta biyo. A Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, a lokacin da buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan kuɗin. Ni ma'aikaciya ce, na san ranar da albashi ke shigowa da ranar da yake ƙarewa, kuma tsakaninsu ba nisa. Yaron da gwaggo ta raina, yadda wutar lantarki ta zama a ƙasar nan, da wuya mako ya wuce ba a kira shi aiki ba. Mai gyaran waya a kasuwar Farm Centre ta Kano, mai walda, mai ɗinkin zamani, da yawansu su ke ranta wa yayyensu masu ofis kuɗin cefane in wata ya yi nisa.

Amma ba na so a ɗauka ina cewa a auri mai sana'ar hannu don yanzu shi ke da kuɗi. In na ce haka, ma'aunin gwaggo na ɗauka na juya shi kawai. Abin da ke ci mini rai shi ne ƙaryar da mu mata muke yi wa kanmu. Na zauna da 'yan mata da yawa, ɗalibaina da ƙannena, kuma in hira ta yi daɗi aka cire kunya, za ki ji abin da ke burge su: namijin da in abu ya lalace ba ya tsayawa yana kallo, wanda in ya ce zai zo zai zo, mai tsafta, mai sauraro in ana magana, wanda ba ya daka wa yaron shago tsawa don a ga isarsa. Ba wadda ta taɓa ce mini tebur da kujera mai juyawa ne suka hana ta barci. Sai an zo maganar aure ne za ki ji murya ta canza: "Anti, me zan ce wa ƙawayena?" To ashe zuciyar ta riga ta zaɓa, bakin mutane ake tsoro. Ana so ranar kamu in an tambaya a ce ango a banki yake, ko da aikin kwantiragi ne da za a iya sallamar sa da saƙon waya guda.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, kuma shi ma zalunci ne. Yanzu an fara yayin cewa namijin gaske shi ne mai kanta a tafin hannu, ɗan ofis kuwa rago ne, ɗan hutu, mai tumbi, ko ƙwan fitila ba ya iya canzawa. Har akwai ƙus-ƙus ɗin da ake yi a ɗakunan mata, wanda tarbiyya ba za ta bar ni in fayyace ba, cewa wai masu aikin ƙarfi sun fi a zaman aure. Wannan magana cin mutunci ce ga kowa. Ta mayar da lebura kamar ingarman doki da ake duba ƙafarsa a kasuwa, ta kuma jefa wasu mazan cikin shaye-shayen magungunan da ake tallatawa a bayan mota da lasifika, suna lalata lafiyarsu don tsoron a raina su. Yayana akawu ne, bai taɓa riƙe sifana ba. Shekara 4 yana jinyar matarsa, shi ke ɗaga ta, shi ke yi wa yara wanka kafin ya fita aiki, ya dawo ya zauna da lissafin mutane har dare ba tare da ya taɓa kwabon wani ba. Wanda ya ce wannan ba namiji ba ne, ban san me yake nufi da kalmar ba. Hausawa sun ce namiji barkono ne, sai an tauna ake sanin yajinsa, kuma ba a taunawa daga kallon riga.

Ku kuma 'yan uwana masu sana'a, akwai gyara a wurinku, zan faɗa don a cikinku nake aure. Wani zai tashi daga gareji ya wuce zance kai tsaye, farce baƙi ƙirin, yana warin fetur, in yarinya ta kau da kai ya ce girman kai ne da ita. Sabulu da turare ba na 'yan ofis kaɗai ba ne. Sannan "zo gobe" ta ɓata muku suna fiye da yadda kuke zato. Uban da tela ya sa ya yi sallar idi da tsohuwar riga, ko magini ya karɓi kuɗin siminti ya ɓace masa, da wuya ya yi murna in mai irin wannan sana'ar ya zo neman 'yarsa. Kuma tsoron da iyaye ke ji ba duka ne son zuciya ba. Mai sana'a ba shi da fansho, ba shi da giratuti. Shekara 3 da suka wuce injin ya faɗo wa mijina a hannu, ya yi wata 2 bai taɓa ƙarfe ba, kuma a wata biyun nan ko sisi ba ta shigo daga gareji ba sai abin da yaransa suka kawo don kara. Adashen da yake zubawa da ɗan albashina su suka riƙe gidan. Duk saurayin da ke aikin hannu ya kamata ya iya amsa wannan tambayar a gaban waliyyi: in ka kwanta ciwo, me iyalinka za su ci? Wannan tambaya ce ta hankali, kuma na fi son a yi ta a fili a kan a taɓe baki.

Abin da na gaya wa 'yar yayata shi ne ta share hawayenta, ta bar manya su yi bincike irin wanda addini da al'ada suka tanada. A je unguwarsu a tambayi liman ko yana ganin sa a sahu. A tambayi mutum biyu ko uku da ya yi wa aiki ko batirin da ya ce sabo ne sabon ne. A dubi yadda yake yi wa mahaifiyarsa magana. In ya faɗi a nan, ni da kaina zan ce ta haƙura, ko da a ce gobe aka ba shi kujerar darakta. In kuwa ya tsallake, ban ga dalilin da zai sa tsani da igiyar waya su hana shi mata ba.

Na kira gwaggo washegari na gaishe ta, na bari sai da ta gama faɗan ta tas. Sannan na ce, "Gwaggo, ranar da ciwonki ya tashi da tsakar dare motar gidan ta ƙi tashi, wa kika ce a kira?" Ta yi shiru, can ta ce ai shi wannan daban ne, ɗan albarka ne. Na ce shekara 11 da suka wuce ba haka kika ce ba. Ba ta amsa ba, amma ta yarda a bar magabatan yaron su zo ranar Asabar bayan la'asar. Mijina ya ce zai rufe gareji da wuri ya zo a zauna da shi, kuma ya riga ya kai farar shaddarsa wurin mai guga.