Ku bar mana mamacinmu

Wanda ya naɗi muryar nan a kan ɗan uwanmu da ya kashe kansa, ya jefa a gurup ɗin masu tsofaffin motoci, ya san kansa. Waɗanda suka ɗauke ta suka yi ta turawa har ta zagaye Yamai, su ma sun san kansu. Ba zan kama suna ba saboda mutuncin gidan da ake zaman makoki. Amma Alhaji, abin da ka yi rashin tausayi ne, kada ka laƙa masa sunan wa'azi. Ƙasar kabarin ba ta bushe ba a Yantala, tsohuwarsa ta taso tun daga Tawa tana zaune kan tabarma ana yi mata gaisuwa, kai kuma ka buɗe baki kana cewa wai raunin imani ne, wai ya sayi wuta da hannunsa, wai da ka san yadda ya mutu da ba ka taka wurin jana'izar ba. Muryar nan ta kai salular ƙanwarsa. Babban ɗansa, yaron da ke riƙe masa fitila idan ya shiga ƙarƙashin mota da dare, shi ma ya saurare ta. To me ka ƙara wa addini da wannan?

Ciwo ne ya ci ɗan uwanmu. Zan faɗa, zan kuma maimaita har ku gaji da ji. Ciwo ne.

Na san abin da za ku rubuto mini a ƙasa. "Ai haramun ne." Wa ya ce halal ne? Ba wanda ya ce. Duk mun karanta aya ta 29 a Suratun Nisa'i da ta hana mu kashe kanmu. Amma ku ƙarasa ayar mana, ai da rahama ta rufe, Allah Ya ce Shi Mai jin ƙai ne gare mu. Hukuncin aiki daban, makomar bawa daban, kuma makomar bawa ba a hannun ɗan gurup take ba. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, wanda ya kashe kansa ana yi masa wanka, a yi masa sutura, a sallace shi, a rufe shi cikin Musulmi. Limamin da ya ja sallar ya fi ka karatu, kuma bai yi gardama ba. Ruwayar da kuke jawowa, cewa Manzon Allah (SAW) bai sallaci wani da ya yi haka ba, malamai sun yi bayaninta tun tuni: tsawatarwa ce daga shugaba, bai hana sahabbai su sallace shi ba. A cikin Sahih Muslim kuma akwai labarin mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, rashin lafiya ta tsananta masa a Madina, ya kasa jurewa har ya yi sanadin ransa. Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta masa saboda hijirarsa, Manzon Allah kuma ya ƙara roƙa masa gafara. Wannan ba ku taɓa turo shi a gurup ba. Haka hadisin Nana A'isha a Bukhari da ya hana zagin matattu, shi ma kun tsallake shi.

Sai masu cewa mutumin da ke da kuɗin wasa da tsofaffin motoci wace damuwa ce za ta kama shi. Wannan maganar ta nuna ba ku san shi ba, ba ku kuma san wannan sana'a tamu ta so ba. Ba attajiri ba ne. Kat-san-kat ɗin, wato Peugeot 404, da kuke gani tana sheƙi ranar Lahadi, gawa ya same ta a bayan wani gida, kaji na ƙwai a kujerar baya, ya yi shekaru yana tara mata kaya ɗaya bayan ɗaya. Ya san duk wani lungu na Ferraille, kasuwar tsofaffin kayan mota, ya san wanda ke da tsohon karbirato na Solex a ƙarƙashin tebur, ya san wanda zai yi maka ƙarya a kan fiston. Shi ya koya wa da yawa daga cikinmu cewa Peugeot ta fito da 404 a 1960, cewa ta ci tseren Safari na gabashin Afirka har sau huɗu a shekarun 1960, cewa da yawa cikin waɗanda suka rage a ƙasar nan Turawa ne suka tuƙo su ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit suka sayar a Agadas suka koma gida ta jirgi. Idan ya fara wannan labarin a fada, shayi na uku sai ya huce ba a sha ba. Motar wani ta mutu tsakanin Dosso da Dogonduci cikin dare, shi ake kira, kuma ya tashi. Bai taɓa karɓar ko dala ba. Wannan shi ne mutumin da ka ce ba shi da imani.

Kuma ko da yana da kuɗi, sai me? Hawan jini na tambayar abin da ke aljihun mutum kafin ya kama shi? Ciwon suga na duba ko mutum na sallar asuba cikin jam'i? Ciwon damuwa ma haka yake. Yana hana barci, yana ɗauke sha'awar abinci, yana raba mutum da abin da ya fi so a duniya, yana raɗa masa cewa shi nauyi ne a kan iyalinsa, cewa za su fi hutawa idan ba ya nan. Ƙarya ce ciwon ke faɗa masa, amma mai ciwon jinta yake kamar gaskiya. Mutum na iya yin dariya da rana yana ɗauke da wannan. Don haka masu cewa "ai mun gan shi yana raha a bakin garaji", ganinku bai tabbatar da komai ba.

Wasu kuma sun ce wai ciwon Turawa ne, wai mu ba mu san shi ba sai da intanet ta zo. Ku je ku duba alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya. Fiye da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. A ƙididdigar 2019, yankin Afirka ne kan gaba a duniya, mutum 11 da ɗoriya cikin kowane 100,000, alhali matsakaicin duniya 9 ne. Maza sun ninka mata a wannan mutuwa. Mu ne, ƴan uwa. Abin da ya sa kuke zaton babu shi a cikinmu shi ne muna rufe shi, a ce gajeruwar rashin lafiya ce, a ce sammu ne, a ce iska ce ta taɓa shi. Kuma me ya sa iyalai suke rufewa? Saboda baki irin naka, Alhaji.

Nan ne abin ya fi ci mini rai. Marigayi ya tafi, muryarka ba za ta same shi ba. Masu rai za ta sama. A cikin gurup ɗin nan kansa, cikin waɗanda suka saurara suka yi shiru, wa ya ce maka babu wanda yake kwana ido biyu, bashi ya yi masa katutu, ko aure ya lalace, ko kuma ba wani dalili da zai iya nunawa sai dai duhu a ƙirji? Yau ya ji yadda ake yi da wanda ya faɗi. Gobe zai buɗe baki ya ce mana ba shi da lafiya? Ba zai buɗe ba. Ka rufe masa baki, ka kuma tafi kana jin ka yi aikin lada.

Mu da muke iya tsayawa kusa da mota mu ce wannan ƙarar ta supap ce, waccan ta biyel ce, mu gane sashen injin da ya lalace tun kafin a buɗe kafo, bai kamata a ce ɗan uwa ya canza a gabanmu mu sallame shi da "ka yi haƙuri, namiji ba ya haka" ba. Haƙuri gaskiya ne, addu'a gaskiya ce, ba na jayayya da ko ɗaya. Amma wanda ya karye ƙafa muna yi masa addu'a kuma mu kai shi wurin mai ɗori. Me ya sa idan abin ya zama na ƙwaƙwalwa sai mu ce addu'a kaɗai, wanda ya nemi likita kuma a ce ya raunana? A garin nan mun mai da Pavillon E abin zagi, yaro ya yi shirme a ce a kai shi can. Alhali sashen likitocin ƙwaƙwalwa ne a babbar asibitin ƙasa, akwai mutanen da suka yi karatun wannan ciwo, akwai magani, kuma ana warkewa. Wanda ba ya son a gan shi can, ya fara da CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta unguwarsu, ya faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar abin da yake ji.

Idan kuma ka ga abokinka ya janye, ya daina zuwa fada, ya fara rabar da abubuwan da yake ji da su, yana maganar ban kwana ko yana cewa ya gaji da duniya, ka je gidansa. Kada ka tura saƙo ka ce ka sauke nauyi. Ka zauna, ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Masu wannan ilimi sun tabbatar tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Idan ya ce e, kada ka bar shi shi kaɗai, kada ka yi masa faɗa, ka kira wani babba a gidan da ya yarda da shi, ku kai shi asibiti a ranar. Kai kuma da kake karanta wannan, abin yana cikin ƙirjinka, don Allah ka gaya wa mutum ɗaya a daren nan. Akwatin saƙona a buɗe yake, kuma ba za ka ji maganarka a bakin kowa ba.

Allah Ya jiƙanka ɗan uwana, Ya yafe maka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya raya abin da ka bari.

Sannan ku da kuka fara kiran matarsa tana cikin takaba kuna tambayar nawa za a bar muku motar, ku ji kunya. Ba ta sayarwa ba ce, sai an raba gado, kuma magada ne za su yi magana. Na ji har wani ya ce a ba shi ya kwance ta ya sayar da kayan ɗaiɗai, wai ta fi kuɗi a haka. Wannan ɗabi'ar ce ta cinye mana motoci a ƙasar nan. Senk-san-kat, wato Peugeot 504, nawa aka yanka aka auna a kilo a shekarun nan, har da waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, masu ƙarfe mai kauri da ba za a sake yin irinsa ba? Bashe, wato a-kori-kura, nawa masu lafiyayyen shasi suka tafi a bayan kamyon ɗin ƴan gwangwan? Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan gyara suka ƙara tsada, na sani, amma wannan ba hujjar yanka mota mai rai ba ce. Wanda ke da tsohuwar Peugeot a bayan gida ta dame shi, ya yi magana a gurup kafin ya kira mai sikeli, za mu zo mu duba ta mu yi ciniki.