Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yan uwa, shekaranjiya da daddare ɗan ƙanwata ya jefo wani bidiyo a zauren WhatsApp na dangi. Gawarwaki ne a jere, an rubuta a ƙasa cewa ga abin da ake yi wa 'yan uwanmu, wanda duk bai tura ba babu kishin addini a zuciyarsa. Kafin in sallame shafa'i da wutiri mutum shida sun tura gaba. Gari na wayewa sai ta bayyana bidiyon ya daɗe yana yawo, kuma ba a ƙasar nan ma aka ɗauke shi ba. Na kira yaron. Ya ce, "Wallahi Kawu taimakon addini na yi niyya." Na kuwa yarda da shi, kuma yardar ce ta fi tayar mini da hankali, domin da mai kyakkyawar niyya ake cin irin wannan kasuwa.

Tun daga ranar, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihi, yake ta faɗo mini a rai, Allah Ya jiƙansa.

Yaran yanzu da yawa sunan kawai suka sani. An haife shi a Musawa a 1945. Mahaifinsa Durbin Katsina ne, kakansa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, mahaifiyarsa kuma 'yar Sarkin Kano Abdullahi Bayero. Sarauta gaba da baya ke nan. Da ya so, da ya yi zamansa a inuwa ana yi masa fifita. Ya yi karatu a Lankasta ta Ingila, ya dawo ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya shiga sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello a hannun Farfesa Abdullahi Smith, ya gama digirinsa na uku a 1974. A Zariya ya ƙare rayuwarsa, ran 24 ga Satumba 2005, yana da shekara 60.

Littafinsa na 1987 shi ne dalilin wannan rubutu. Sunansa The Manipulation of Religion in Nigeria, wato yadda ake fakewa da addini ana juya mutane, kuma ya bi shekara goma ne, daga 1977 zuwa 1987. Ku dubi abin da ya faru a wannan tsakani. An yi cacar baki kan Shari'a a majalisar tsara kundin mulki a 1977 da 1978. Rikicin Maitatsine ya ɓarke a Kano a Disambar 1980, mutum fiye da 4,000 suka mutu. Daga nan Bulumkutu a Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. A 1986 ƙasa ta ɗauki zafi kan shigar Najeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. A Maris 1987 faɗa ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin a ankara ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona masallatai da coci-coci. Mutane na ta tambayar wa ya fara. Shi kuwa Bala Usman sai ya ƙara da wata tambayar da ba a son ji: wa ya ci riba? Ya ce juya mutum shi ne ka sa shi aiki bai san manufarka ba, bai ma san ana sa shi ba. A ganinsa akwai wani rukuni na manya, dillalan kamfanonin waje da 'yan kwangila da masu neman kujera, waɗanda ba za su iya fitowa su ce wa talaka ga abin da muke nema ba, sai su lulluɓe da rigar addini ko ta ƙabila. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Bayan an kwashe gawa, je ka duba unguwannin da suka ƙone, sannan ka duba inda ko gilashin taga bai fashe ba.

Wani zai ce, to me ya kawo wannan cikin nasiha, mutumin da ba malamin addini ba? Sai in ce ku buɗe Sira. Ibn Ishaƙ ya kawo labarin wani tsoho a Madina, Shas bin Ƙais. Ya wuce ta wani majalisi ya ga Ausu da Hazraju, ƙabilu biyu na Madina, suna zaune suna hira cikin raha, mutanen da jiya-jiya suke kashe juna. Abin ya tsaya masa a rai. Bai zaro takobi ba. Saurayi ya samu ya ce masa je ka zauna cikinsu, ka tuna musu ranar Bu'asu, yaƙin da suka gwabza da juna kafin Hijira, ka rera musu waƙoƙin da aka yi a kan yaƙin. Yaro ya je ya yi. Kafin a ce haka, sahabbai suna kiran makami, makami. Sai da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya fito da kansa ya ce musu, kiran jahiliyya za ku yi alhali ina tsakaninku? Nan suka gane an yi wasa da su, suka rungumi juna suna kuka. Malaman tafsiri suna ambaton wannan ƙissa a ƙarƙashin ayoyin Ali Imrana, inda Allah Ya ce mu yi riƙo da igiyarSa gaba ɗaya kada mu rarraba.

Ku lura da abu ɗaya. Saurayin nan bai ƙirƙiro ƙarya ba. An yi yaƙin Bu'asu, an kashe mutane, waƙoƙin ma na gaske ne. Tarihi na gaske aka ɗauko aka hura wuta da shi. In har sahabbai, da Annabi a raye a garinsu, aka kusa samun sa'arsu ta wannan ƙofa, ni da kai da muke kwana da waya a hannu fa?

A nan ne aikin Bala Usman a kan Katsina ya fi amfani gare mu yau. Littafinsa The Transformation of Katsina ya fito a 1981. Kafin shi, Turawa da almajiransu sun saba bayar da labarin jihadin 1804 a matsayin Fulani sun ci Hausawa da yaƙi, shi ke nan. Shi sai ya bi takardun Larabci, ya zauna da tsofaffi, ya nuna cewa lamarin ya fi ƙarfin wannan rabo. Akwai Hausawa a cikin jama'ar Shehu, akwai Fulanin da ba su bi shi ba, kuma abin da aka yi jayayya a kai tsarin mulki ne da haraji da zalunci da matsayin malamai. Ko rubutun Baturen nan Barth, wanda ya ziyarci Katsina a shekarun 1850, kuma ake ɗaukar maganarsa kamar yankan wuƙa, sai da ya zauna ya tankaɗe shi, yana tambayar daga wa ya ji, ina ya sauka, da wane ido ya kalli mutane. Yanzu shiga Facebook ko TikTok ka ga yaran da ke zagin juna da sunan Hausa da Fulani. Wanda kakarsa Bafulatana ce yana tsine wa Fulani, wanda bai iya gaisuwa da Fulatanci ba yana raina Hausawa, dukkansu kuma sahu ɗaya suke bi ran Juma'a. Wa ke rera musu waƙoƙin Bu'asu? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Ba ina cewa duk abin da ya faɗa daidai ba ne. Mutum ne mai ra'ayin gurguzu, mai kaifin harshe, kuma malamai da yawa sun yi masa raddi yana raye. Ni kaina ina ganin ya wuce gona da iri a wasu wurare, domin ba kowane mai kishin Shari'a ne wani ya ɗaura masa zare ba. Tsohuwar da ke son a yi mata hukunci da littafin Allah, imaninta ne, ba kwangilar kowa ba ce. Amma gaskiya ko daga bakin wa ta fito, karɓarta ake yi. Kuma akwai wata aya da nake ganin ya aikata ta fiye da yawancinmu masu haddarta, ta 135 a Suratun Nisa'i, inda Allah Ya umurce mu da tsayuwa da adalci, mu yi shaida saboda Shi, ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi. Ɗan gidan sarauta ne, ya soki yadda sarauta ke tatsar talaka. Da Janar Murtala ya naɗa shi cikin kwamitin mutum 49 na rubuta kundin mulki a 1975, shi da Dokta Segun Osoba suka ƙi sa hannu a rahoton masu rinjaye, suka rubuta nasu daban, mutum biyu rak. Ya zama sakataren gwamnatin jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa, gwamnatin PRP da ta soke haraji da jangali, aka tsige gwamnan a Yunin 1981. Daga baya ya koma aji da allinsa. Mu kuwa, ɗan ƙungiyarmu ya yi laifi sai mu ce a rufa asiri, na wata ƙungiya ya yi irinsa sai mu buga ganga.

Saboda haka ga abin da nake roƙon kaina da ku. Allah Ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo muku da labari ku yi bincike, kada ku cuci wasu mutane cikin jahilci ku wayi gari kuna nadama. Saƙon da ba ka san wanda ya rubuta shi ba, ba ka ma kai ga sanin ko fasiƙi ne ko adali ba, ina dalilin gaggawa? Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. "An turo mini ne" ba za ta zama hujja gobe ƙiyama ba. Ya kuma ruwaito cewa wanda ya yi yaƙi a ƙarƙashin makauniyar tuta, yana fushi don ɓangaranci, yana kira zuwa ga ɓangaranci, aka kashe shi, mutuwar jahiliyya ya yi. Makauniyar tuta ita ce wadda ba ka san wa ya kafa ta ba, ba ka san inda za ta kai ka ba. Wannan hadisi yana ba ni tsoro ƙwarai, don mutumin da ke ƙarƙashin irin wannan tuta yana iya faɗuwa da kabbara a bakinsa.

Kuma kada ƙiyayyar wasu ta sa mu ƙi yi musu adalci, haka aya ta 8 a Ma'ida ta ce. In an zalunci Musulmi mu faɗa da babbar murya, da suna da wuri da rana. In namu ne suka tare hanya suka kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, shi ma mu faɗa, da irin wannan murya.

Shi ɗan ƙanwar tawa na ce ya koma zauren ya rubuta cewa ya yi kuskure, ya bi mutum shidan nan ɗaya bayan ɗaya ya gaya musu. Ya yi jim, ya ce, "Kawu, da kunya fa." Na ce turawar ba ta ba ka kunya ba ai. Huɗu sun goge. Biyu sun ce tuni nasu ya yi nisa, ba su san inda ya kai ba.

Allah Ya gafarta wa Malam Bala, Ya yafe masa kurakuransa, Ya jiƙan duk waɗanda suka mutu a waɗancan fitinu ba su san dalili ba. Amin.