Ku daina turo faci ba ku gwada a waya ba

'Yan uwa matasa masu rubuta kod, yau raina a ɓace yake wallahi. Jiya na ga wani yaro ya turo faci, wato gyaran kod, a wani aikin babbar manhajar waya ta kyauta, wai ya gyara cin batir, mai kula da aikin ya tambaye shi a wace waya ya gwada, sai cewa ya yi ai kod ɗin ya haɗu, wato kwamfuta ta harhaɗa shi ya zama manhaja, ba kuskure. Haba ƙanena! Haɗuwa daban, aiki daban. Da aka ɗora a waya ta gaske ko tashi ba ta yi ba, tana ta kunnuwa tana mutuwa.

Wannan ɗabi'a ta turo abin da ba ka gwada ba ita ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ku sani manhajar waya ba shafin intanet ba ce da in ya lalace a sake lodawa. A nan kuskure ɗaya a wajen modem (ɓangaren da ke haɗa waya da netwok) ko kernel (zuciyar manhajar) zai iya hana mutum kira, har kiran gaggawa, ko ya mayar masa da wayar bulo, ta mutu murus, kuma galibi masu ɗora irin su LineageOS, wani nau'in Android na kyauta, mutane ne da kamfani ya daina turo wa wayarsu sabuntawa, ita kenan gare su. Sauri ya haifi nawa, kai ka tura a minti biyar, wani ya kwana yana binciken ɓarnar.

Kuma su waye masu binciken? 'Yan sa-kai ne. Da CyanogenMod, wata irin wannan manhajar, ta rufe a ƙarshen 2016 mutane ne suka ɗauki kod ɗin suka ci gaba da sunan LineageOS. Da kamfanin Canonical ya janye daga manhajarsa ta waya Ubuntu Touch a 2017 'yan sa-kai na UBports ne suka riƙe. postmarketOS ma, wata manhajar waya ta kyauta, a 2017 ta fara, da burin waya ta yi shekara 10 ana amfani da ita. Mafi yawansu bayan sun tashi aiki suke zama duba faci a Gerrit ko GitLab, shafukan da ake turo kod a duba, lokacin iyalansu suke yanka, kai kuma ka zo ka jibge musu layi 800 da ƙirƙirarriyar basira ta rubuta maka, ko karantawa ba ka yi ba, aka tambaye ka me wannan layin yake yi ka yi tsit. In ba za ka iya bayanin kod ba, to me ya sa ka sa sunanka a kai?

Na san dalilin ai, suna ake nema. A samu abin sawa a CV, a ɗauki hoton allo a watsa a LinkedIn wai ni ma mai ba da gudummawa ne. Irin wannan kwaɗayin ne ya jawo abin kunyar Hacktoberfest, wani shiri na ƙarfafa mutane su turo faci, a 2020, mutane suka cika ayyuka da gyaran banza, a ƙara kalma ɗaya a README, fayil ɗin bayanin aiki, duk don rigar kyauta, har sai da aka canza dokokin. Ganin kitse ake wa rogo. Duk mai ɗaukar aiki da ya san kansa zai buɗe facin ya karanta, ya ga -2 ɗin da aka ba ka, alamar an ƙi facin, da rashin kunyar da ka mayar.

Af, rashin kunyar ma wani ciwon ne. A ce maka gyara saƙon commit, wato bayanin da ke rakiyar facin, ka hau zagi wai ana nuna maka wariya. Ga masu kwashe kod ɗin wani su goge sunan mai shi, su saki ROM, wato manhajar da ake ɗora wa waya, da sabon suna su ƙi sakin kod ɗin kernel alhali GPL, lasisin da kod ɗin ke ƙarƙashinsa, ta wajabta. Wannan cin amana ne, ko a duniyar kwamfuta haƙƙi haƙƙi ne.

Amma dai in koma kan gwajin. Kar ka ce mini injinka ba ƙarfi, na san haɗa Android na cin ɗaruruwan gigabayit da awanni, to sai ka faɗi gaskiya a saƙonka, ka ce ban gwada ba ina neman mai wannan wayar ya taimaka. Wa zai zarge ka? Ɓoyewar ce matsala. Jami'ar Minnesota guda an hana ta turo faci a Linux, kernel ɗin da Android ke amfani da shi, a 2021 saboda wasu masu bincikenta sun turo gurɓataccen kod da gangan, a nan za ka gane yadda amana take da tsada a wannan harkar.

Da can mutum sai ya yi watanni yana karanta kod ɗin mutane, yana turo logcat, wato rahoton abin da ke faruwa a cikin waya, yana gwada facin wasu a wayarsa kafin ya yi ƙarfin halin turo layi goma nasa, kuma in aka dawo masa da shi sau biyar godiya yake yi. Yanzu kowa ya zama gwani a sati guda, masu kula kuma suna gajiya ɗaya bayan ɗaya suna ajiye aikin, wayoyin da suke riƙe da su sai a cire su daga jerin masu samun sabuntawa.