Motocin gwanjon intanet: tarihin da ke ɓacewa tsakanin Tin Can da Kano

A 'yan shekarun nan hanyar da mota ke bi kafin ta iso hannun mai ita a Kano ta canza ƙwarai. A da dillali kan tafi Kwatano ya ga mota da idonsa, ya tayar da inji, ya leƙa ƙarƙashinta, sannan ya yi ciniki. Tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga ranar 1 ga Janairun 2017, hankali ya ƙara karkata ga gwanjon da ake yi a intanet, musamman na kamfanonin Copart da IAA da ke Amurka. Yau matashi na zaune a shagonsa a Farm Centre yana taya motar da ke ajiye a wani fili a Texas, bai taɓa jin ƙarar injinta ba, abin da ya gani kawai hotuna ne da 'yan layukan bayani.

Ya kamata a fara da sanin irin motocin da ke cika waɗannan filaye. Mafi yawansu kamfanonin inshora ne ke kawo su, bayan sun lissafa kuɗin gyara sun ga biyan mai motar ya fi musu sauƙi. Kowace jiha a Amurka tana da nata ma'auni, a wasu jihohin da zarar gyara ya kai kashi 75 cikin ɗari na darajar mota sai a canza mata takarda zuwa ta motar da ta lalace. Akwai kuma waɗanda hukuma ke ba takardar da ke cewa ba za su sake hawa titi ba har abada, sai dai a farke su a sayar da kayan. Kamfanin gwanjo ba ya ɓoye wannan. Sharaɗinsa a fili yake: kana sayen mota ne yadda take, a inda take, ba garanti, ba mayarwa. Hatta alamar nan da ke kwantar wa mutanenmu hankali, wadda ke nuna mota tana tashi kuma tana tafiya, iyakar ma'anarta ita ce lokacin da aka kawo ta filin ta tashi, an sa giya, ta motsa gaba. Ba ta ce komai ba game da lafiyar giyabos ko yadda injin zai yi idan ya ɗau zafi a hanyar Kano zuwa Kaduna.

Ban ga laifin mutum ya sayi mota mai rauni ya gyara ba, kuma ina ganin masu kiran a haramta shigo da su baki ɗaya ba su duba halin da ake ciki ba. Sabuwar mota ta fi ƙarfin malamin jami'a, balle ƙaramin ma'aikaci. Aikin hannu a Amurka yana da tsada sosai, saboda haka motar da ƙanƙara ta lotsa wa rufi, ko wadda aka sace aka gano, ko tsohuwar Corolla da aka goga wa ƙofa biyu, tana iya faɗawa gwanjo alhali ƙashinta da injinta lafiya lau. Irin waɗannan su ne ke ciyar da masu gyaran bodi da masu fenti da 'yan kasuwar Ƙofar Ruwa. Damuwata tana wani wuri: wanda ya taya motar ya san abin da ya same ta, amma wanda zai ɗauki iyalinsa a cikinta yawanci ba a gaya masa.

Kafin a zo nan, shi kansa mai tayin yana cikin haɗari, musamman wanda ba sana'arsa ba ce. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama, kuma hoto ba ya nuna abin da ke ƙarƙashin mota. A filayen nan da injin ɗaga kaya ake ɗaukar motoci, wanda kan lanƙwasa salansa ko ya fasa wani abu a ƙasa bayan an riga an ɗauki hoton. Akwai kuma 'yan kasuwar can da ke sayen motar da ta yi mummunan haɗari, su ɗaura mata bamba da fitilu, su miƙe bonet, su mayar da ita gwanjo tana kama da mai ɗan ƙaramin rauni. Wanda ya saba yakan duba ko kamfanin inshora ne mai sayarwa ko wani ɗan kasuwa, ya kuma binciki ko an taɓa yin gwanjon motar a baya. Sabon shiga yana kallon farashi ne kawai, kuma sau da yawa motar da ta faɗo masa da araha ita ce wadda ƙwararru suka duba suka janye hannu.

Farashin da aka buga kuwa somin taɓi ne. Akwai la'adar kamfanin gwanjo, da kuɗin fitar da mota daga fili, da kuɗin ajiya idan aka wuce 'yan kwanakin da aka ba mai saye, da ladan wanda aka yi amfani da lasisinsa, da kuɗin janyo ta zuwa bakin ruwa, da na jirgi, wanda kan ƙaru idan motar ba ta tashi. Dokar Amurka ta ce sai an gabatar wa kwastan ɗinsu takardar mallakar mota aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, don haka motar da takardarta ta maƙale tana iya yin makonni kuɗin ajiya na hawa. A Legas kuma ga kuɗin fito, wanda tun 2022 kwastan ke ƙiyastawa ta lambar shasi, ga kuɗin tasha da na ejan, ga tirelar da za ta kawo ta Kano. Kusan duk wannan da dala ake lissafa shi. Waɗanda suka taya mota kafin a saki naira a watan Yunin 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, sun ga yadda lissafi ke rushewa mota tana kan ruwa. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500. Idan kuɗi ya ƙare a tasha, inda ake tsuke hannu shi ne wajen gyara, kuma nan ne asarar dukiya ke rikiɗa ta koma barazana ga rai.

Motar zamani an ƙera ta ne yadda gabanta da bayanta za su murƙushe su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya tsaya da ƙarfinsa. Ginshiƙan ƙofofi da wasu sassan shasi da ƙarfe na musamman ake yin su, wanda idan aka gasa shi da wuta don a miƙe shi yakan rasa ƙarfinsa, shi ya sa masu ƙera motoci ke cewa a canza irin wannan sashe, kada a miƙe shi. A garejinmu kuwa abin da aka saba shi ne a hura wuta, a ja da sarƙa, a buga da guduma, a shafe da fila, a fesa fenti. Wani lokacin ma rabin wata mota ake yankowa a haɗa da walda. Ban raina gwanintar masu wannan aiki ba, domin sukan fitar da mota tana ƙyalli har mai ita ya kasa gane inda aka taɓa. Amma ƙarfen da ya riga ya shanye karo ɗaya ba zai shanye na biyu kamar yadda aka tsara ba, kuma ba a gane haka sai ranar da taya ta fashe ana gudu.

Batun jakar iska ya fi tayar mini da hankali, saboda yaudarar da ke cikinsa da gangan ake yin ta. Jakar da ta fashe ba ta gyaruwa, haka ma na'urar da ke ɗaure bel lokacin karo sau ɗaya take aiki. Canza su duka yana da tsada, sai a liƙe murfin sitiyari a bar cikinsa fanko, a sa ɗan wani ƙarfe a waya don kwamfutar mota ta ɗauka jakar tana nan, ko kuma a kashe fitilar gargaɗin gaba ɗaya. Wanda ya ce zai sa ta hannu ma bai tsira ba. Jakunkunan kamfanin Takata, waɗanda aka yi kiranyen kusan miliyan 67 daga cikinsu a Amurka, sinadarin da ke hura su yana lalacewa idan ya daɗe cikin zafi da laima, har ya tarwatsa gwangwaninsa ya watsa ƙarfe a fuskar direba. Kamfanin ya durƙushe a 2017, amma tsofaffin Honda da Toyota masu ɗauke da jakunkunansa suna nan a titunanmu, kuma motar da ta bar Amurka ta gwanjo ba wanda zai aiko wa mai ita takardar kiranye a Kurna ko Hotoro.

Sai motocin ambaliya, waɗanda suka fi kowanne kyau a hoto, domin babu lotsa ko ɗaya a jikinsu. Guguwar Harvey da ta afka wa Houston a watan Agustan 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci, haka Ian ta yi ɓarna a Florida a watan Satumban 2022, kuma bayan kowace irin wannan masifa filayen gwanjo kan cika. Ruwa, musamman na gishiri, yana shiga mahaɗan wayoyi da ƙananan kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujeru da kafet, ya fara cin su a hankali. Mota za ta iya yin wata uku ko shida lafiya, sannan gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilar birki ta kama, jibi inji ya mutu a tsakiyar gadar Ƙofar Nassarawa. Mai wayarin zai yi ta canza kaya ba tare da ya kai ga tushen ciwon ba, domin ciwon ya bazu ko'ina. A ganina motar ambaliya ba ta da farashin da ya isa a kira shi araha.

Duk wannan bayani yana nan a rubuce a ranar gwanjo: irin raunin, irin takardar, hotunan motar kafin a taɓa ta. Yana ɓacewa ne a hanya. Mota ta fito daga tashar jiragen ruwa ta Tin Can da ke Legas, ta kwana biyu a gareji, ta bayyana a wurin sayar da motoci an wanke ta an goge, ana rantsuwa cewa ɗan gogar bamba ne kawai. Takardun da mai saye ke karɓa, na kwastan da na rajista, babu inda suke gaya masa cewa a ƙasar da ta fito an yanke hukuncin ta lalace. A gari irin Kano, inda ɗan kasuwa ke buɗe shago da bismilla, wannan ya kamata ya dame mu. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi, mai sayarwa ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, ya kuma ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da damar mayarwa idan ya gano. Dillalin da ya ga hoton jakar iska a fashe ya ce wa mai saye motar ba ta taɓa haɗari ba, ba shi da wata mafaka a cewa haka kasuwa take.

Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa shi ne gano gaskiya ba shi da wuya. Kowace mota da aka ƙera don kasuwar Amurka tun 1981 tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, ana ganin ta a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ginshiƙin ƙofa. Sanya lambar nan a Google kaɗai yakan fito da hotunan ranar gwanjo, akwai kuma rahoton tarihin mota da ake saye daga Carfax ko AutoCheck. Mai saye ya tabbatar lambar gilashi ta yi daidai da ta ƙofa da ta takarda. Ya murɗa makulli ya ga fitilar jakar iska ta kama sannan ta mutu bayan 'yan daƙiƙu, domin wadda ba ta kama ba sam an taɓa ta. Ya ɗaga kafet da wurin safaya ya nemi tsatsa ko busasshen taɓo, ya zo da bakaniken da shi zai biya, a ɗaga motar a sa mata na'urar bincike. Dillalin da ya hana ɗaukar hoton lambar shasi ya riga ya ba da amsa.

Sai dai bai dace a bar wa mai saye nauyin duka ba, domin da yawa ba su san akwai irin wannan bincike ba, kuma fasinjan da ya hau motar haya ba shi da ta cewa. Tunda Hukumar Kwastan tana karɓar lambar shasin kowace mota don ƙiyasta kuɗin fito, babu abin da zai hana a rubuta matsayin takardar motar a kan takardun da za su bi ta har wurin rajista, a kuma hana shigowar waɗanda aka yanke wa hukuncin farkewa da sunan motar hawa. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yaudarar mai saye game da haja, kuma Kano tana da tata hukumar kare masu saye. Ƙungiyoyin dillalan motoci na jihar ba sa ma buƙatar jiran Abuja. Suna iya wajabta wa 'ya'yansu takardar ciniki mai ɗauke da lambar shasi, da irin raunin da motar ta zo da shi, da gyaran da aka yi mata, da ko jakunkunan iskarta suna nan, a haɗa da hotunan gwanjo, mai sayarwa da mai saye da shaidu su sa hannu. Wanda ya ga hotunan ya ce ya ji ya gani, sai a rage masa farashi gwargwadon raunin, wanda kuma aka ɓoye wa yana da takardar da zai kai gaban alƙali.